Mai Ƙafar Hagu Ba Shi da Suna

A gidanmu na garin Stains, can ƙasar Turawa, hawa na bakwai, ba murhu ba itace. Wutar Kaka ita ce ƙarfen ɗumama ɗaki da muke ce wa shofaj. Bayan magariba sai ta jingina da shi ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanwata Rabi mu zauna gabanta. Baba yana gefe yana shafa man zafi a gwiwarsa. Tun da na yi wayo yake ɗingishi, an ce mana a matakala ya faɗi.

Tatsuniyoyin da ta zo da su daga Damagaram suna da yawa, amma wadda ta fi maimaitawa babu kura babu aljani a cikinta. "Ga ta nan, mai so ya karɓa," haka take farawa. Wai an yi wani saurayi mai ƙafar hagu, ɗan ƙwallon ƙungiyar ɗalibai, wanda in ya buga sai mai tsaron gida ya yi salati. Ran da gwiwarsa ta goce, mai horar da su ya watsar da shi, ko asibiti bai leƙa shi ba. Saurayin ya haɗiye abin. Da shekaru suka ja shi ma ya zama mai horarwa a wata jami'a, har ƙanensa ya zo karatu ya shiga ƙungiyarsa. Ana gobe wasan ƙarshe gwiwar ƙanen ta kumbura suntum, likita ya ce kada ya taka fili. Wan ya ɗaure masa ita da hannunsa ya ce, "Ni wa ya ji tausayina? Shiga." Suka ci kofi. Ƙanen bai sake gudu ba.

Mu kuwa nan ne wurin da muka fi so. Rabi takan tashi ta kwaikwayi tafiyar ƙanen, ni ina ƙyalƙyala dariya, Baba ya zuba wa talabijin ido. Kaka ba ta taɓa hana mu ba, kuma har yau ban gama yafe mata wannan ba.

Na sha tambayarta, "Kaka, mi ne ne sunanshi?"

"Ba shi da suna a bakina. Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri."

Bayan rasuwarta na tafi Lyon karatu. Baba ya ce in je Saint-Fons, nan gefen Lyon, in gaida wansa, Baffa Issa, wanda bai taɓa taka gidanmu ba. Na tarar har lokacin yana horar da ɗalibai. A kan kabad ɗinsa ga kofi, ga hoto: samari na tsalle, ɗaya zaune a ƙasa da ɗaurarriyar gwiwa. Fuskar Baba ce. Na ji kunyar kowace dariyar da na yi.

Baffa ya ce, "Inna takan yi maganata kuwa?"

"Kusan kullum, Baffa. Sai dai ba ta taɓa kama sunanka ba."

Ya yi murmushi. "Normal, ni ne ɗan fari."

Gaskiyarsa, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, don kunya. Amma na ji yadda take faɗar maganar, kuma kunya ba ta sa mutum cizon haƙora. Ashe tatsuniyar ba tamu ba ce, ƙara ce take kaiwa kullum a gaban wanda aka cuta, tunda ba ta da inda za ta kai ta.

Da na fito na kira Baba a waya, na ce masa na ga hoton. Ya ce, "Kofin yana nan?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "Ni na ci ƙwallon."