Ankon 'Ya'yan Nonon Hajo

Duk wanda ya tashi a unguwar Mansur ta Makka ya san Hajo. Ko dai ya ci wainarta ko ya sha zaginta, yawanci ma duka biyun a zama ɗaya. A Makka aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga Gwarzo da ƙafa ya zo aikin Hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma, har yau zuri'arsa hutun suke yi. Hausarta ta Kano ce tsaf, sai in ranta ya ɓaci take juyawa Larabci, don a cewarta zagi ya fi saurin isa da shi.

Sau huɗu ta haihu da mijinta Malam Zali. Maza uku na farko babu wanda ya kai yaye. Abin ya ci mata rai ƙwarai, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Sai dai nono bai san an yi jana'iza ba, zuwa yake yi abinsa. A wancan zamanin da aikin Hajji ya gabato matan unguwa ke watsewa neman na abinci, masu dafa wa alhazai a Mina, masu wanki, masu sayar da shayi a Muzdalifa, kowace ta dire jinjirinta a cinyar Hajo ta kama gabanta. Malamai sun ce in jariri ya sha sau biyar ya ƙoshi, to ya zama ɗa, ya zama ɗan'uwan duk wanda matar ta haifa. Wanda ya sha sau biyar kacal, Hajo ba ta ma riƙe sunansa.

Ta huɗun ita ce Shifa, ita Allah ya raya. Tana sakandare Malam Zali ya rasu, suka rage su biyu da tandar waina. Da ta gama karatun jinya sai ga wani Rakan daga unguwar Rusaifa yana nemanta. Su ma Hausawa ne, amma irin waɗanda in ka gaishe su da Hausa sai sun waiwaya su ga ko da wani a bayansu.

Ranar da uwar ango ta zo a tsara biki aka yi abin. A al'adar garin, mata kaɗai ke cikin zauren biki. Sai can ƙarshe a yi shela, kowace ta jawo abayarta ta rufe jiki, sannan uban amarya da yayyenta maza su shigo su tsaya a gefenta, su miƙa ta ga ango. Uwar angon, Ummu Rakan, ta kurɓi shayi, ta sa muryar nan mai zaƙi da ake yanka mutum da ita.

"Ummu Shifa, tunda babu uba kuma babu wa, sai mu cire shigowar mazan ɓangarenku. Ba abin kunya ba ne. Baiwar Allah, ta tsaya ita kaɗai, namu sa wadatar."

Shifa tana zuba shayi. Kofin ya cika har shayin ya zuba a tire. Nan take Hajo ta dubi baƙuwar ido cikin ido.

"Wa ya ce miki ba ta da wa? Bakwai gare ta."

"Bakwai? A ina?"

"Ranar za ki gan su. Ki sa a ƙara faɗin dandamali."

Baƙuwa na fita Shifa ta riƙe kai. "Umma, ina za mu samo maza bakwai?"

"Inda na ajiye su."

Ashe ajiyar ta watse. Biyu sun koma Nijar tun suna yara. Ɗaya ya rasu. Ɗaya yana Riyad, matarsa ce ta ɗauki waya ta ce ba ta san wata Hajo ba, Hajo kuwa ta sanar da ita. Saura uku. Abdulganiyyu mai tsire yana nan bakin titi, kullum sai sun yi faɗa a kan hayaƙinsa yana shigar mata ƙullu, shi ko tambayarsa ba ta yi ba, umarni ta ba shi. Awwal yana tuƙa bas a Jidda, rabonta da shi shekara ashirin, amma yana jin muryarta ya ce ko ranar Arfa ce zai ajiye mota ya zo. Sai Abdulwadud.

Abdulwadud bakwaini aka haife shi, uwarsa ta rasu kwana tara bayan haihuwa, a watan da Hajo ta binne ɗanta na uku. Da aka kawo mata shi bai fi tafin hannun Malam Zali ba, ko ƙarfin kama nono ba shi da shi, sai ta tatsa ta ɗiga masa da cokali. Shekara biyu yana bayanta. Daga baya ubansa ya yi aure ya ɗauke shi suka bar unguwar. Yanzu babban mutum ne a wani kamfani, Hausa ta zube masa, abin da ke haɗa su sai saƙon barka da Sallah a waya, irin wanda ake tura wa mutum ɗari a lokaci ɗaya.

Da ta kira shi ya saurare ta cikin ladabi, ya amsa da Larabci. "Hala Hajo, in sha Allah zan duba."

Hala, wato gwaggo. Yaron da ya yi mata fitsari a zane har ba adadi. Ta haɗiye, ta ce akwai anko.

Nan rigima ta biyu ta taso. Ƙawayen amarya sun fitar da shadda ruwan hoda, Hajo kuwa ta ce anko ɗaya ne, ba ta da lokacin ware maza da mata. Shifa ta roƙe ta ta bar su su sa farar jallabiya kamar kowane namijin Makka. Hajo ta ce ai nan matsalar take. In suka shigo da fararen kaya, Ummu Rakan za ta ce direbobi aka ɗauko haya a bakin ƙofa. So take duk mai ido ya gani daga nesa ya san nata ne.

Ta sake kiran Abdulwadud ta faɗa masa launin. Sai ya ce matar shugabansa na aiki tana cikin waɗanda dangin ango suka gayyata, kuma gaskiya ranar yana da taro. Hajo ta ajiye wayar, ta zauna gaban tanda har waina shida suka ƙone. Ta ji ciwo, kuma ta faɗa wa duk wanda ya zo saye ranar.

Duk da haka washegari ta kai wa Abdulƙadir tela yadi na mutum uku. Ya ɗauko abin awo ya ce a turo su.

"Ba sai sun zo ba. Ni na goya su, ni zan gaya maka. Na Awwal ka buɗa shi sosai, rumbu ne, in ya kama nono ɗaya sai ya riƙe ɗayan da hannu kada wani ya taɓa. Na Abdulwadud ka matse, ɗan mitsitsi ne, iska ma tana iya ɗaukarsa."

"Inna Hajo, yaushe rabonki da su?"

"Kai aka kawo wa ɗinki ko tambaya?"

Ya ɗinka.

Ranar biki, a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar zauren mata, Awwal ya iso. Hajo ta dube shi sama da ƙasa ta ce wa ya cinye mata yaro. Tsinke guda ne, wuya duk jijiya. Ya zura kaftanin ya ɓace a ciki, hannun rigar ya wuce yatsunsa da kamu guda. Abdulganiyyu, wanda nasa ya zauna daidai tunda kullum tana ganinsa, ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi.

Ana haka Ummu Rakan ta leƙo, da mai tsaron ƙofa a bayanta, matar da ke karɓe wayoyin baƙi.

"Su ne bakwai ɗin? To, Ummu Shifa, amarya fa fuskarta a buɗe take. Mai ƙofa tana son ta tabbatar muharramanta ne. Akwai wata takarda?"

A garin nan komai sai da takarda, Hajo ta sani. Ta bugi ƙirjinta da tafin hannu.

"Ga ta nan, kwafi biyu. Ta tsufa amma ana iya karantawa. In buɗe miki?"

Mai ƙofa ta kau da kai tana danne dariya, ta ce ba sai an buɗe ba, uwarta ma ta ba ta labarin Hajo.

Sai ƙofar waje ta yi duhu. Wani ƙaton mutum ne ya cika ta, da farar jallabiya da baƙar alkyabba mai zare ruwan zinari, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Hajo ba ta gane shi ba sai da ta ga kunnensa na hagu, wanda ya ɗan lanƙwashe tun yana jariri.

Abdulwadud ya sumbaci kanta. Ya ce ya bar taron, zai shiga da Shifa, amma da kayan jikinsa, ta yi masa afuwa. Hajo ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata Abdulganiyyu. Ta ɗauko ledar kaftaninsa ta miƙa masa.

"Naka ne. Ka kai gida ko goge mota a yi da shi."

Ya zaro kaftanin ya ɗaga. Ko rabin ƙirjinsa bai rufe ba. Ya tambaya cikin Larabci ko na wani yaro ne aka ba shi bisa kuskure.

"Naka ne," in ji Hajo. "Ni haka na san ka. Da cokali na ɗiga maka, wata biyu ina tashi in sa kunne a hancinka in ji ko kana numfashi. Ban san ka zama gini ba, ai ba ka zo na gani ba."

Awwal ne ya yi ta maza ya fara cire tasa rigar. "Ɗan'uwa, mu yi musanye mana. Tawa za ta ɗauke ka har da alkyabbar."

Abdulwadud ya girgiza kai. Ya cire alkyabbar ya miƙa wa mai ƙofa, ya zura kai cikin ɗan kaftanin a kan jallabiyarsa. Mutum biyu suka taya shi ja. Hammata ta yage ɓarat, sannan baya ya biyo, rigar ta tsaya masa a cibiya. Ya ɗora hular ankon a kan ƙeya, ya juyo, ya haɗa 'yar Hausar da ta rage masa.

"Umma, ya yi?"

Hajo ta ja bakin mayafinta ta share ido, ta ce bai yi ba ko kaɗan, amma ya je ya tsaya ta daman amarya.

Aka yi shela, mata suka jawo abaya. Maza uku cikin ruwan hoda suka shiga, ɗaya yana tattare riga kada ya taka, ɗaya yana warin tsire, ɗaya ba ya iya sauke hannuwansa. Zauren ya ɗauki dariya daga farko har ƙarshe, har matar shugaban Abdulwadud. Shifa ta hango su daga kan dandamali, ita ma ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, kwalliyar awa uku ta tafi. Abdulwadud ya kama hannunta ya sa a na Rakan, ya ce masa wannan ƙanwarsa ce, kuma ya san ofishinsa.

Ummu Rakan ta matso kusa da Hajo ta ce a hankali, "Bakwai kika ce."

"Ki ƙirga wancan ƙaton sau biyar," in ji Hajo. "Ni na san abin da ya sha."