Gaisuwar da Inna ba ta aiko ba

Ina durƙushe a banɗaki ina ɗauraye yashi daga hijabaina aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar Litinin ce da hantsi, kwana ɗaya da dawowarmu daga bakin teku. Mai gidana ya sauka sayo burodi da ful, dafaffen waken da ake karyawa da shi a Masar. Na goge hannuna a zani na buɗe, sai ga Hajja, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu. Dattijuwa ce, Bahaushiyar Sudan, ita ta koya mini hanyar kasuwa lokacin da na fara zuwa Hay el-Sabi', unguwarmu a Alƙahira. Ta cire takalmi ta kama hannuwana biyu.

"Ya bitti, 'yata, ya haƙuri? Tun Alhamis nake hawowa ina tarar da ƙofa a kulle. Allah Ya ji ƙan Inna, Ya sa ta huta."

Na ce, "Innar wa, Hajja?"

Ta dube ni. Ta dubi lallen da ke hannuna, ta dubi kwanon da na zuba wuri da katantanwar da na tsinto a bakin ruwa. Sai ta sake ni ta zauna a ƙasa daɓas, nan bakin ƙofa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai gaya miki ba?"

Haka na ji mutuwar mahaifiyata, kwana biyar bayan an rufe ta.

Ta rasu ranar Laraba bayan asuba a Azare, aka yi jana'izarta kafin azahar. Yayana bai kira ni ba, mai gidana ya kira. Ina da ciki wata shida a lokacin, kuma na yi ɓari biyu kafin shi. Yaya ya ce kada a gaya mini sai an lallaɓa. A wajenmu haka ake yi. Mai ciki, da mai jarrabawa, da wanda ke nesa, ba a sauke musu mutuwa kai tsaye. Ni kaina na taɓa riƙe bakina kwana biyu a gaban wata 'yar uwata da ke jego. Saboda haka ɓoyewar ba ita ce ta fi ci mini rai ba, na san ta tun ina yarinya.

Sai dai Hay el-Sabi' ba wurin ɓoye magana ba ne. Matan ɗalibai muna shiga gidajen juna, abin da aka faɗa a wannan bene da safe ya kai wancan kafin la'asar. Mai gidana ya san in na kwana biyu a unguwar wata za ta zo ta'aziyya. Sai ya yi dabarar ɗauke ni.

A Larabar nan ya dawo bayan la'asar ya ce, "An gama jarrabawa. Shekara biyu kina cewa ba ki taɓa ganin teku ba. Haɗa kaya, gobe za mu Ghardaƙa, bakin teku."

Na ɗauka wasa yake. Da na ga tikiti a hannunsa sai da na yi tsalle da cikin nan, ya ce in bi a hankali. Na kwaɓa lalle na sa wa hannuwana da ƙafafuna. Na fito da atamfata mai ruwan lemo da ban taɓa sawa ba. A ranar da aka sa uwata a ƙasa na yi wannan, yana zaune yana kallona.

Mun yi nisa a mota kafin na laluba jaka na rasa wayata. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, kin bar ta a kan firji. Ga tawa ai." Na zagi kaina da mantuwa, na juya ina kallon taga. Hamada a dama, duwatsu jajaye, can kuma a hagu sai ga ruwa, shuɗi, ba shi da ɗaya gaɓar. Ruwa mafi girma da na sani kafin nan shi ne kogi in ya kawo da damina. Na kama hannun rigarsa na ce, "Malam, wannan ne wanda ya tsage wa Annabi Musa?" Ya ce shi ne. Bai ƙara komai ba, shi da ko ina aka taɓo tarihi sai an roƙe shi ya yi shiru.

Garin fari ne, da iska mai gishiri. Shekarar da ta biyo bayan juyin juya halin da aka yi a Masar ce, Turawa sun ɗauke ƙafa, shaguna da yawa a rufe, masu buɗewa kuma suna zaune a ƙofa suna kiran duk wanda ya gifta. Da yamma muka je bakin ruwa. Na shiga da hijabina. Ruwan da ɗumi, kamar wanda aka surka wa jariri. Ƙananan kifaye suna taɓa mini yatsun ƙafa, ina ihu ina dariya. Shi yana zaune a yashi da carbi.

Zan faɗi gaskiya: ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba tun da na zo Masar. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba har yanzu.

Ranar Juma'a da safe muka shiga wani jirgin ruwa mai gindin gilashi. Ana zama a gefe ana leƙa ƙasa. Na ga kifi rawaya, da shuɗi, da mai zane kamar atamfa. Na ga kunkuru ya kai faifai biyu yana tafiya a hankali ba ruwansa da mu. Wasu manyan kifaye masu tsalle suka biyo mu har sai da matuƙin ya kashe inji don mu kalle su. Sannan ya nuna mana wasu abubuwa a ƙasan ruwan masu rassa kamar itace, ya ce murjani ne.

Inna tana da murjani. Tsakiya ɗaya ce ja, ta gada daga uwarta, tana ajiye ta a cikin ƙaramar tasa a ƙarƙashin gado. Tun muna yara take ce mana dutse ne da ake fasawa a Makka. Duk wanda ya yi musu sai ta ce shi ya je ko kakarmu? To ga ni ina kallonsa yana tsiro a ƙarƙashin ruwa, kifi na shiga cikinsa suna fita. Na ce a raina, yau na kama Inna. Har na shirya yadda zan fara.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake kiranta. Ba mu taɓa tsallakewa ba. Da ya dawo daga salla na ce, "Malam, ba ni wayarka. Yau Juma'a."

Ya ce layin Nijeriya ba ya shiga a ɗaki, bari ya gwada a baranda, ni in zauna rana ta yi zafi. Ya ja ƙofar. Ya ɗan jima. Da ya shigo ya ce, "Na samu Yaya. Inna tana cikin baƙi, ba ta samu fitowa ba. Ta ce a gaishe ki. Ta ce ki riƙa cin abinci, kuma kada ki shiga ruwa ya wuce gwiwa."

Na fashe da dariya. Na ce, "Wallahi Inna ce! Tana Azare tana tsare ni a Masar. Ka faɗa mata maganar murjanin?"

"Na faɗa wa Yaya."

"Me ya ce?"

"Ya ce zai gaya mata."

Da la'asar ya sayi burodi buhu guda da dabino, muka je inda masunta ke gyaran koma, ya yi ta rabawa. Na ce, "Malam, yau kuma wane zunubi ake wankewa?" Bai yi dariya ba. Sadakar uku ce ta uwata, ina tsaye a wurin da atamfa mai ruwan lemo ina zolayarsa. Daga nan muka ci soyayyen kifi da jatan lande. Na ci har na ƙara, saboda Inna ta ce in ci. Washegari na koma ruwa, da ya kawo mini gwiwa na tsaya cak.

Duk wannan ya dawo mini ina tsaye a kan Hajja, ruwa na ɗiga daga zanina. Ban yi kuka ba. Muka ji takunsa a matakala. Ya shigo da leda a hannu, ya ga Hajja a ƙasa, ya ga fuskata, ya ajiye ledar a hankali.

Hajja ce ta fara. "Kai, ya waladi, ɗan nan, wannan wane irin aiki ne? Ka sa na zama ni ce mai kawo mata? Shekara nawa kana karatun nan, ba a koya muku yadda ake gaya wa mutum uwarsa ta mutu ba?"

"Hajja, yayanta ne ya ce. Gobe za ta ga likita, na ce in an duba ta sai in..."

"Khalas, ya isa, yi mini shiru."

Ni tambaya ɗaya nake da ita. Na ce, "Ranar Juma'a, a baranda, da wa ka yi magana?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba kowa."

"Gaisuwar fa?"

"Na rasa abin da zan ce miki."

"Da gwiwar?"

Ya kai idonsa kan ledar da ya ajiye.

Na ce, "Wayata."

Bai nufi firji ba. Ya je wajen littattafansa, ya zaro manya biyu, ya sa hannu a bayansu ya ɗauko ta. A kashe take. Da na kunna saƙonni suka yi ta shigowa, ɗaya bayan ɗaya, wayar na rawa a hannuna ta ƙi tsayawa. Ban karanta ko ɗaya ba. Na kira Yaya.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Don ke muka yi, da abin da ke cikinki."

Na ce, "Yaya, ba wannan na kira ba. Ta bar mini magana?"

Ya ce ranar Talata da yamma ta faɗi a tsakar gida tana shanya, ba ta ƙara magana ba har rai ya fita. Ba ta bar wa kowa komai ba.

A nan na zauna.

Ke nan maganarmu ta ƙarshe ita ce ta Juma'ar da ta gabata. Na yi ta ƙoƙarin tuna ta. Na san ta ce za ta ba wani mai zuwa daddawa da kuka ya kawo mini. Na san ta tambayi ko ƙafafuna na kumburi. Akwai wani abu da ta faɗa daf da mu yi sallama, na yi dariya, amma ya ɓace. Ina da tuwo a wuta a lokacin, ban san in riƙe ba. Da a ranar Laraba aka gaya mini, da na koma kansa tun yana sabo, na juya shi, na ajiye. Maimakon haka kwana uku na yi ina maimaita wata magana a raina da muryarta. Yanzu in na rufe ido na nemi muryar Inna, abin da take ce mini shi ne kada in shiga ruwa ya wuce gwiwa. Ba ta taɓa faɗa ba. Shi ya ƙera ta a baranda, kuma ya san ta sosai har ya ƙera daidai bakinta. Ta zauna a wurin ta gaskiyar, na kasa fitar da ita.

Hajja ta shimfiɗa tabarma, mata suka yi ta zuwa kwana uku. Kowacce in ta miƙo hannu sai idonta ya faɗa kan lallena, ta ɗauke kai. Na goga da lemon tsami, na goga da dutse har fata ta yi ja. Sai da ya ga dama ya fita, na farce kuwa ya kai wata uku. Wata ta ce mini in gode wa Allah da Ya ba ni miji mai tausayi. Na ce mata na gode.

Ba na cewa mugu ne. Ya rame a kwanakin nan huɗu, na gani, na ɗauka wahalar jarrabawa ce. Na san abin da ya ɗauka shi kaɗai a bakin ruwan nan. Amma da ya ce mini layi ya ƙi shiga, da na yarda. Da ya ce wayar ba caji, da na yarda. Ƙarya iri-iri ce a gabansa, ya tsallake su ya sa wa uwata magana a baki tana cikin kabari.

Na haihu lafiya, mace, aka mayar da sunan Inna. Ranar suna Yaya ya kira ya ce, "To kin gani?" Mutane da yawa sun faɗi haka. Wataƙila da an gaya mini ranar Laraba da na rasa ta kamar na baya. Wataƙila kuma a'a. Kwana biyar ne tsakanin Laraba da Litinin, cikin bai ƙara wani ƙwari a cikinsu ba, kuma na ji labarin a tsaye a bakin ƙofa ba tare da lallaɓar kowa ba. Allah ne Ya sani. Ba wanda zai ce mini shi ya sani.

Kwanon wuri da katantanwar nan na ba 'ya'yan maƙwabta. Hotunan da ya ɗauka a bakin teku yana da su a wayarsa, ban ce ya goge ba, ban kuma taɓa kallo ba. Da aka raba kayan Inna aka aiko mini da tasar murjanin ta hannun wani ɗalibi, an naɗe ta da tsumma. A cikin ledar da aka sako ta akwai daddawa da kuka da ta riga ta ƙulla. Daddawar na yi miya da ita har ta ƙare. Tasar tana cikin akwatina a naɗe.

Mun ƙara shekara uku a Hay el-Sabi'. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, muna hira, wani lokaci har da dariya. Bai ƙara ambaton teku ba. Sau biyu ya roƙe ni gafara: ana gobe azumi a shekarar, da kuma ranar da muke ɗaure kaya za mu bar Alƙahira. Duka biyun na ce masa, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ya yi karatu, ya san ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Har yau ban ce masa na yafe ba.