Gadon Hajiya a Bayan Jif

Shekarun baya, lokacin da mutum yake kama hanyar Jibiya da sassafe ba tare da ya tambayi kowa lafiyar hanya ba, na taɓa mayar da wata tsohuwar jif ɗakin kwana saboda mahaifiyata.

Yayarta ce dalili. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Mahaifiyata aure ya kawo ta Katsina, ita kuwa yayar tana can garinsu a Nijar, arewa da Maraɗi, bayan inda kwalta take ƙarewa. Inna muke ce mata. Sun daɗe rabonsu da juna, sai dai waya. Wata rana ɗan Inna ya bugo ya ce idonta yana tafiya. An kai ta asibiti, an ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Gefe da gefe ya riga ya rufe, saura tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

Mahaifiyata ta saurara har ya gama, ta miƙo mini wayar ta ce, "Ina so ta gan ni."

Matsalar ita ce ciwon bayanta. Zaman mota daga gidanmu a Ƙofar 'Yandaka zuwa asibiti ma sai ya kwantar da ita. Motocin da suke shiga garin su Inna kuwa akori-kura ne, ranar kasuwa kawai, fasinja a saman buhuna. Ga shi bazara ta yi nisa. Da zarar ruwa ya sauka gulaben hanya za su kawo, sai kuma bayan kaka, kuma babu wanda zai iya cewa idon Inna zai kai kaka.

Na samu jif ɗin a gwanjon wani tsohon shirin aikin gona. Injinta lafiya lau, tana ja da ƙafa huɗu, amma jikinta ya sha duniya. Na kai ta wurin abokina mai walda a Ƙofar Kwaya, wanda muka yi firamare tare. Ya zagaya ta, ya doki tayar da ƙafa, ya ce, "Mutumina, wannan ai aiki ka sayo mani, ba mota ba."

Kullum in na tashi daga gidan rediyon da nake aiki sai in wuce can, in cire babbar riga in rataye a ƙusa. Muka cire kujerun baya gaba ɗaya. Muka haɗa gado na ƙarfe, muka shimfiɗa katako, muka sa katifa mai tauri irin wadda likita ya ce. Na dage sai an matsar da gadon gaba, tsakanin tayoyin gaba da na baya, don nan ne girgiza ta fi sauƙi. A ƙarƙashin ƙafafunsa muka sa robar da muka yanko daga tsohuwar taya. Muka yi matakala mai naɗewa, da ƙarfen riƙewa a bakin ƙofa. Tankin ruwa ya shiga ƙarƙashin gado, famfonsa ya fito ta baya daidai tsayin mai alwala a zaune. A gefe muka ɗaura rumfar tamfol da ake warwarewa, da labulen zagaye don buƙatarta. A sama muka kafa kariya, wato ragar ƙarfe ta ɗaukar tayoyin canji, da jarkokin mai, da tantin da ni da abokina za mu kwana a ciki, har da tebur da kujerun naɗi. Sai shebur, da jak, da famfon iska, da wasu tsani biyu na ƙarfe da ake sa wa taya in ta nutse a yashi.

Ni ne ɗanta na fari, don haka mahaifiyata ba ta faɗin sunana, kuma ban taɓa jin ta yabe ni a gaban kowa ba. Haka aka raine ta. Ranar da na zo da igiya zan auna tsawonta, ta dube ni ta dubi igiyar.

"Kai wanga, makara kake auna mani?"

"Gado ne, Hajiya."

"To ka ƙara kaɗan. Ina miƙe ƙafa."

Gwajin da muka yi shi ne na fi tunawa. Muna cika kwano da ruwa mu ɗora a tsakiyar katifar, in tuƙa a kan wata hanyar burji mai ramuka bayan Kambarawa, abokina yana baya yana tsugune yana kallon kwanon. In ruwa ya zuba mu koma mu ƙara roba ko mu sassauta wani noti. Mutanen unguwar sun fara tsayawa suna kallonmu. Ranar da muka je muka dawo katifar ba ta jiƙe ba, abokina ya ɗauki kwanon ya shanye ruwan.

Na lissafa nauyin da motar za ta iya ɗauka a cikin yashi, na sanar a gida cewa kowa jaka ɗaya. Abin da bai shiga lissafina ba shi ne sallama. Mahaifiyata ba za ta yi tafiya irin wannan ba ta aika gida-gida ta yi sallama ba, kuma unguwarmu rabin mutanenta suna da dangi a tsallaken iyaka.

Da na dawo daga masallaci ranar tafiya, na tarar da zaure a cike. Buhunan masara, ƙullin atamfofi, jarkar manja, keken ɗinki a cikin kwali. A jikin bango kuma an jingine ƙofar ƙarfe sabuwa fil, an shafa mata shuɗin fenti.

"Hajiya, wannan fa?"

"Saƙo ne."

"Motar ba za ta ɗauka ba. Yashi za mu shiga."

"To tahi ka gaya masu, ai ka san gidajensu. Ka fara da mai ƙofar. Shi ya yi wa mahaifinka wankan gawa."

Ƙofar ta maƙwabcinmu ce, zai aika wa ƙanensa da ya yi gini a wani ƙauye da ke kan hanyarmu. Babu yadda za a yi in buga masa ƙofa in ce ya zo ya ɗauki abinsa.

Ta ƙara da cewa, "In wuri ne babu, a ɗora bisa gadon, ni in zauna."

Nan ne kawai na kafe. Na ce ko allura ba za ta hau gadon nan ba. Maimakon haka na hau sama na sauke tantina, da tebur, da kujerun da na sha yawon kasuwa kafin in samu. Saƙon mutane ya hau wurinsu. Abokina yana ɗaure ƙofar da igiya yana duba haɗinta, ya ce, "Wanda ya yi waldar nan ba ya tsoron Allah."

Har muka tsallaka iyaka muka wuce Maraɗi, mahaifiyata barci take yi. Ina kallonta ta madubi. Da kwalta ta ƙare muka tsaya muka rage iskar tayoyi don su baje a kan yashi. Motar tana tafiya, amma ina jin nauyinta a sitiyari, tana rangaji kamar jaki da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Wajen azahar muka iso wani busasshen gulbi mai faɗi, yashinsa fari kamar gari. Na shiga da gudu daidai, muka ci rabi, sai na ji tana nutsewa. Abokina ya ce, "Kada ka ƙara ba ta wuta." Muka fito muka duba. Ta zauna a kan cikinta.

Na ɗaga kai na dubi gabas. Hadari ne ya fara haɗuwa, ƙarami, can nesa. Ko ba a yi ruwa a kanmu ba, in aka yi shi a saman gulbin, zai same mu a inda muke. Na ga abokina ma ya duba.

Abin da na fara yi shi ne warware rumfar, ta rufe tagogin ɓangaren rana. Na buɗe ƙofar baya, na kunna 'yar fankar da muka haɗa da batir. Mahaifiyata ta matso bakin ƙofa, ta murɗa famfo ta yi alwala, ta yi sallarta a zaune. Da ta idar ta tambaya ko akwai shayi. A tsakiyar gulbi, rana tana dukan ƙarfe, ita ko gumi ba ta yi ba.

Mu kuwa muka sauke kaya kaf. Muka haƙa, muka ɗaga da jak, muka cusa tsani ƙarƙashin tayoyi. Mota ta hau ta yi tsawon tsani ta sake zama. Mu tono tsanin, mu kai gaba, mu sake. Hannun da ya saba riƙe takarda a gaban makirfo ya fara ɗurar ruwa. Can abokina ya miƙe yana haki, ya dubi ƙofar da ke kwance a kan yashi.

"Ka ga abin nan ya fi tsaninmu tsawo da faɗi. Da ita muka shimfiɗa da tuni mun fita. In ta lanƙwashe ni zan miƙar."

Gaskiya ya faɗa, kuma har na fara takawa wajenta. Sai muka ji murya daga cikin mota.

"Ƙofar mutane za ku taka? Amana ce. Ku taka abinku."

Muka taka abinmu. Tsanin nan biyu da muka yi waldarsu a Ƙofar Kwaya, ana yi mana dariya wai mun haɗa gadon gasa nama, su suka fitar da mu kaɗan-kaɗan har tayoyin gaba suka kama ƙasa mai tauri. La'asar ta yi sanyi sannan muka gama kwaso kaya a ka. Ƙofar ce ta ƙarshe, mu biyu muka ɗauko ta, ni a gaba shi a baya yana zagin wanda ya yi ta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Hadarin ya yi kudu ya bar mu.

Kafin magariba muka shiga ƙauyen ƙanen mai ƙofar. Da ya ga shuɗin fentin a saman mota ya san saƙonsa ne. Aka yi gaisuwa har aka gaji, aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka share mana ɗaki. Ashe tantin da na bari a gida ba a buƙace shi ba. Matan gidan suka gyara wa mahaifiyata gadon uwargida, ta yi godiya ta ce a shigo mata da motar tsakar gida, nata gadon ya fi mata. Na juya kamar ban ji ba.

Da safe mai gidan ya hau babur ya shiga gabanmu, yana nuna mana inda ƙasa take da tauri. Duk ƙauyen da muka ajiye saƙo mota ta ƙara sauƙi, mu kuma a cika mana ciki. Da aka sauke keken ɗinki har wata 'yar rawa ta fara yi a kan hanya.

Da hantsi muka isa. Na sauke matakala, na miƙa hannu zan taimaka, mahaifiyata ta kama ƙarfenta ta sauko da kanta, ta taka a miƙe har ƙofar gida. Inna tana zaune a zaure. Da ta ji muryar ƙanwarta ta ce, "Ku fitar da ni haske."

Aka fito da ita. Ta kama fuskar mahaifiyata da hannu biyu, ta riƙa juya nata kan a hankali, tana neman inda sauran ganin yake. Ni dai a lokacin ne na tuna cewa duk wannan aikin yana iya zama mun makara.

Sai Inna ta ce, "Kin tsufa."

"Ke kuma fa, Yaya?"

"Buɗe bakin in gani. Au, har da haƙorin Makka."

Babu wanda ya taɓa gaya mata zancen haƙorin. Mahaifiyata ta yi dariya, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, Inna ta janye mayafin ta ce ba ta gama kallo ba.

Da yamma Inna ta ce a kai ta ta ga motar da yara suke ta labari. Ta shafa matakalar, ta murɗa famfo ruwa ya zubo mata a hannu, ta hau ta kwanta a kan gadon ta miƙe ƙafa.

"Wa ya yi wannan?"

Ina tsaye a gefe ina goge gilashi. Mahaifiyata ta dubi wani wuri daban ta ce, "Ɗanki ne. Shi da abokinsa, da hannunsu."

Abokina ya zungure ni ya ce a hankali, "Ni dai na yi waldar." Na ci gaba da goge gilashin.

Dawowarmu ba sai na faɗa ba. Duk gidan da muka ajiye saƙo ya tanadi tsaraba, har da rago, wanda ya yi tafiyar a ɗaure kusa da tankin ruwa yana kallon gadon da aka hana shi. Mun riga damina tsallake gulbin.

Idon Inna ya rufe gaba ɗaya kafin wata bazarar. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk sanda suka yi waya sai ta tambayi ƙanwarta ko haƙorin yana nan.

Yanzu hanyar ba ta biyuwa yadda muka bi ta, jif ɗin ma na sayar wa wani mai gona. Tantin yana nan a jakarsa, ban taɓa kafa shi ba. In matasa masu sha'awar irin wannan tafiya suka tambaye ni yadda ake shirya mota, nakan gaya musu zancen tayoyi da ruwa da tsani, sannan in ce su bar wurin saƙo, don ko sun bari ko ba su bari ba zai zo. Na karanta labarai da yawa a rediyo, an kuma yaba mini, amma babu aikin da nake alfahari da shi kamar gadon nan. Kafin in sayar da motar na kwance shi na kai ɗakin mahaifiyata. A kansa take kwana har yau, kuma ba ta yarda a cire robar ƙafafunsa ba.