Inhela a Aljihun Hijabi

Wani ɗan fito ne siriri, irin na butar shayi idan ta kusa tafasa. Ina tankaɗen garin tuwo a ƙofar kicin bayan la'asar, na leƙa, babu komai a kan wuta. Na duba famfo, don a Gyaɗi-Gyaɗi yakan yi mana irin wannan kukan ya sa mu jera bokitai, sannan ruwan ya fasa zuwa. Shi ma shiru. Da na juya sai na ga 'yata ta tsakiya, lokacin tana aji uku na firamare, ta jingina da bango riƙe da igiyar tsalle, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Daga ƙirjinta fiton yake fitowa.

Yarinyar nan ba ta san tafiya ba, gudu kawai ta sani. Idan na aike ta sayen gishiri, kafin in rufe tukunya ta dawo. Na daɗe da lura tana dawowa da tari, amma na ɗauka mura ce mai naci.

Washegari ni da babanta muka kai ta asibiti. Likitar ta fi tambayata a kan abin da idona ya gani. Yaushe tarin yake tasowa? Na ce bayan gudu, da ranar da ake kakkaɓe kafet, da sanda na kunna maganin sauro, da kuma idan ta rungumi kyanwar maƙwabta. Ta sa ta hura iska cikin wata 'yar roba, ta saurari ƙirjinta, ta ce asma ce. Ta tambaya ko akwai mai ita a dangi. Maigidan ya ce "Babu!" da ƙarfi, kamar an tambaye shi ko akwai ɓarawo a gidansu.

Ta ba mu inhela guda biyu, wato maganin da ake shaƙa. Mai ruwan ƙasa na kullum ne safe da yamma, ko tana lafiya. Shuɗin kuma na lokacin da ƙirji ya toshe ne, da kafin ta yi gudu mai yawa. Ta ce shuɗin nan ya zama duk inda yarinyar take yana nan. Ta ƙara da cewa, "Kada ku hana ta wasa. Hayaƙi da ƙura za ku raba ta da su."

Labari ya isa Unguwa Uku wajen yayar maigidana, wadda yara suke kira Gwaggo. Ta iso da hantsi. Daga bakin titi zuwa gidanmu ba wata tafiya ba ce, amma sai da ta dafa ƙyaure ta huta, ta shafa man zafi a hanci, sannan ta samu sallama ta fito.

"Asma? A wane gidan? Mu dai ba mu gaje ta ba." Ta tsaya ta ja numfashi, ƙirjinta ya yi irin fiton da na ji ranar nan. "Ki binciki danginku."

Nata ai sanyin ƙirji ne. Tun kafin a kawo ni gidan take fama da wannan sanyin, har a tsakiyar bazara.

Ta juya inhelar a hannu kamar ta tsinci wani abin asiri. Ta ce duk wanda ya fara shaƙar wannan ba ya rabuwa da shi har kabari. Ta ce a hana yarinya gudu, dama me mace take nema da gudu. Sannan ta sassauta murya ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Mace ce fa. Gobe masu neman aure su zo bincike a unguwa, a ce musu ai 'yar gidan nan mai shaƙe-shaƙe ce? Wa zai ɗauka?"

Na dubi amaryar da ake magana a kanta. Tana tsugune tana lasar ledar alewa, haƙoranta na gaba biyu ba su gama fitowa ba.

Maigidana a majalisarsu babu wanda yake kayar da shi a musu, ko a kan siyasa ko a kan ƙwallo. A gaban yayarsa kuwa kalmomi uku ya mallaka: "Haka ne, Yaya." Aka yanke hukunci: magani a ɗaki, ƙofa a rufe, kuma ba ya fita waje. Kafin ta tafi har ta turara wa yarinyar wani ƙulli a kasko don ya buɗe mata ƙirji. Ranar ko abincin dare ba ta iya ci ba saboda tari.

Ni ban raina tofi da addu'a ba, kullum ina yi mata, amma ban ga inda aka ce in bar magani a durowa ba. Na ɗauki allura na ɗinka ɗan aljihu a cikin hijabina, wani kuma a jakar makarantarta. Na gaya wa babanta abin da na yi. Ya ce shi dai bai ji ba, bai gani ba. Jarumtarsa ke nan a wannan al'amari, Allah ya saka masa.

Ana nan 'yar Gwaggo ta haihu a Darmanawa, muka tafi suna. Gidan ya cika. Kowace kusurwa da kaskon turaren wuta, kowace mace ta yi wanka da humra, tagogi a rufe don kada ƙamshi ya gudu a ce ba a kashe kuɗi ba. Yara kuwa suna ta guje-guje a tsakar gida. Ina raba waina sai na ji an ja hijabina.

"Um... ma..."

Ba ta iya ƙarasa kalmar a numfashi ɗaya ba. Ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja iska. Idanunta sun fito, tana kallona kamar ni ce nake riƙe da iskar.

Nan take gidan ya cika da likitoci. A kwantar da ita. A watsa mata ruwa. A kawo albasa. Wata ta ce iska ce ta shafe ta, a ƙaro turare. Gwaggo ta matso ta damƙe hannuna tana raɗa: "Ki kai ta banɗaki ki yi abin naki a can. Dangin miji suna nan, kada ki tona mana asiri."

Banɗakin da mata suka yi layi a ƙofarsa.

Na ce, "Yaya, sakar min hannu."

Na ɗauke ta zuwa ƙofar gida inda iska take, na zaunar da ita a miƙe a kan benci, na zaro shuɗin a gaban kowa. Na girgiza, na sa mata, ta shaƙa, muka jira, na sake, yadda aka koya min. Bakina yana ta salati, idona yana kan wani mai adaidaita da ya tsaya a gefe, don na ƙudurta idan bai sake ta ba asibiti za mu wuce. A hankali fiton ya ragu. Kafaɗunta suka sauka. Ta ce, "Umma, takalmina ɗaya yana ciki." Wannan karon jimlar ta fito a haɗe.

Asirin da aka tona kuwa, ga yadda ya ƙare. Uwar mijin mai jego, Hajiyar da saboda ita ake ta ɓoye-ɓoyen, ta zo ta zauna kusa da mu, ta zuge jakarta. Can ƙasa, cikin safa, cikin baƙar leda, ga nata shuɗin. Ta ce, "'Yata, kin fi ni hankali. Ni sai na ce zan yi alwala nake shaƙa." Ta aika aka fitar da kasake aka buɗe tagogi. Kafin magariba mata biyu sun ja ni gefe, kowace da labarin wai ɗan wata ƙawarta mai irin wannan tarin.

Da muka tashi tafiya, Gwaggo ta biyo mu. A bakin titi ta tsaya tana haki, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ita likitar nan taku, tana duba manya? Wata maƙwabciyata ce ta ce in tambaya."

Na ce ranar da zan mayar da yarinya in gaya wa likita abin da ya faru, maƙwabciyar ta shirya in biya mata.

A ƙarshen zangon aka yi gasar gudu a makarantarsu. Ta shaƙi maganinta kafin a fara, ta ɗan motsa jiki kamar yadda aka ce, ta zo ta biyu. Muna dawowa gida tana rungume da kofin roba da aka ba ta, sai ta ɗago ta dube ni. Ashe duk maganar ranar nan ta ji, tana lasar ledarta.

"Umma, ki ce wa Gwaggo ta daina damuwa. Wanda ba ya son mai inhela, ai ko ya biyo ni ba zai kamo ni ba."