Kusurwar da Yaya Sule Ba Ya Nomawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana, Malam Sule, makwancinsa a ƙauyenmu da ke bayan Ajingi. Har yau in na ji ana cacar baki a rediyo kan tsarin mulki, wai gwamnati ba ta da addini, kowa ya bi nasa, shi nake tunawa.

Yaya bai taɓa ganin kundin tsarin mulkin nan ba. Abin da ya sani, maƙwabcinsa Ɗanladi Bamaguje ne da ya shiga Kiristanci, kuma tare suke gayya. Da matar Ɗanladi ta rasu tsakiyar damina, aka rasa inda za a sa ta. Maƙabartarmu ta Musulmi ce, danginta kuma suna ƙetaren rafi, ga shi ya cika. Yaya ya saɓa fartanya ya nuna kusurwar gonarsa ta gyaɗa.

Surutu kam ya sha shi. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci: "Malam Sule, a gonar gado?"

Ya ce, "Baba, addininta tsakaninta da Mahaliccinta ne. Haƙƙin maƙwabci kuwa ni za a tambaya."

Tun daga nan, duk shekara in huɗa ta kai wurin sai ya ɗaga garma. Har shanun suka gane, da kansu suke karkacewa. Mukan tsokane shi cewa shanunsa sun fi mu sanin doka.

Daga baya Ɗanladi ma ya rasu a birni. An raba gadon Yaya, an sayar da shanun, tarakta ake haya, ita kuwa har kusurwar take nomewa. Direban ba mugu ba ne, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Me Yaya zai ce? Ina jin zai ce takarda ba ta ɗaga garma, sai mutum.

Bara Iliya ɗan Ɗanladi ya zo daga Kano ziyarar kabarin. Muka tsaya a gonar, ko'ina gyaɗa kore shar. Ya ce, "Baba, ina Innata take?" Wallahi ni ma na kasa ganewa, hawaye ya zubo mini.

Gona ta manta, shanu sun tafi. Amma an ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Iliya ya cire hularsa ya ce, "To, kai ni wurin Baba Sule."

Wannan kam na san inda yake. Allah Ya jiƙanka, Yaya.