Janaretan da Ba Ya Ɗaukar Biyu

Da aka sallami Baba daga asibiti a Gusau, ba don ya warke ba ne. Likita ya ce huhunsa ya gaji, sai dai mu koma gida da na'urar da ke tace iska tana tura masa ta wata siririyar roba a hanci. Muddin tana aiki yana hira, har ya tsokane ni. In ta tsaya, leɓɓansa su fara yin baƙi. Ya so a mayar da shi gidansa a Tsafe, na ce ba inda za shi, a wurina zai zauna.

Damina ce, iska ta kayar da turakun wutar unguwarmu, ba kuma wanda ya san ranar gyara. Abin da nake da shi ƙaramin janareta ne irin na masu aski. An rubuta wata ƙatuwar lamba a jikinsa, ni kuwa na gaskata. Na duba bayan na'urar, na ga abin da take ci bai kai rabin lambar ba, na ce har da ragowa. Na haɗa ta da firji da fanka. Janaretan ya yi gurnani kamar an shaƙe shi, na'urar ta kama ƙara, Baba ya zuba mini ido.

Na kira ƙanena da ke Bungudu. Ya ce lambar jikin nan ado ce, ƙarfinsa na gaske bai kai nan ba, kuma na'ura irin wannan in za ta tashi tana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta mata. Ita kaɗai zai ɗauka, sai ƙwan fitila ɗaya in an matsa. Yana da babba, ya ce, amma yana wurin gyara, da zarar an gama zai kawo.

Daga ranar na zama 'yar sandan soket. Na cire firji, na liƙe kowane soket da salatif. Masu zuwa dubiya kuwa kowa da wayarsa a hannu, kafin ya gama "ya mai jiki" idonsa na kan bango. Na hana. An ce na cika rowa, ban damu ba. Kunnena kullum yana kan janaretan, ko salla nake ina jin muryarsa.

Sai Gwaggo ta zo daga Tsafe. Ita ce yayar Baba, ita ta goye shi, har gobe yaro take ganinsa. Na yi mata bayanin soket, ta ce ta ji.

Wata la'asar bayan an sha ruwan sama, gari ya yi sanyi, ina kicin sai na ji muryar janaretan ta canja. Ya yi nishi, ya yi tari, ya mutu. Na fito a guje. Gwaggo na tsugune a falo, ta ɓare salatif, ta tsoma hitar dafa ruwa a bokiti.

Na fizge wayar hitar na yi waje. Na ja igiyar janaretan, shiru. Na ja, na ja, har fatar yatsuna ta sale. Ta taga ina jin Baba yana jan numfashi da ƙyar, kamar mai zuƙar kunu ta tsinke. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina kuka ina zagin ƙarfe, ina roƙon Allah, duk a haɗe. Da ya tashi ma ba a gama ba, don na'urar sai ta ɗauki lokaci kafin iskarta ta yi ƙarfi. Na riƙe kan Baba ina kallon leɓɓansa har suka dawo.

Sannan na juya kan Gwaggo. Abin da na faɗa mata ba a faɗa wa babba.

"Gwaggo, kashe shi za ki yi? Ba na gaya miki ba?"

"Mi niy yi, ɗiyata?" ta ce. "Gawayi ya jiƙe, gas ya ƙare. Ruwan sanyi na sa mai tari, kuma kin san ba ya yarda da taimama in da ruwa. Ɗan ƙarfen ga ɗan mitsitsi shi ad da wanga aiki?"

Ƙarfen ɗan mitsitsi ne kam, amma shi kaɗai ya fi ƙarfin janaretan gaba ɗaya. Baba ya ɗaga hannu, muryarsa ba ta fita sosai.

"Bar ta. In ba ya ɗaukar biyu, ki kashe nawa ki kunna nata, in yi alwala."

Na ce ba zan kashe ba. Ya kau da kai, ya yi taimama da dutse.

Washegari na leƙa bayan ɗaki na tarar da Gwaggo zaune nesa da hayaƙi, ta ajiye butar ƙarfe daf da salansar janaretan, inda zafi ke fita, tana jira. Ruwan ba ya tafasa, ɗumi kawai yake yi, amma ya isa alwala. Haka ta riƙa yi kowace salla. Ni da ita ba mu sake tayar da zancen ba.

Kullum ina kiran Bungudu, kullum ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Babban janaretan ya iso ranar da aka kai Baba makwancinsa. Ƙanena ya tayar da shi don masu zaman makoki. Ya ɗauki fankoki, ya ɗauki firji, wayoyi suka cika bango, wata ma ta tsoma hita ta dafa shayi, muryarsa ko gezau. Na'urar na kusurwar ɗaki, Gwaggo ta rufe ta da zani.