Ranar da ƙasa ta girgiza na ƙi buɗe ƙofa

Sallar asuba kawai muka jira, muka ɗauki jakunkuna muka bar Dokki, unguwarmu a Alƙahira, ni da Ummata. Wata guda ke nan da zuwanta Alƙahira aikin ido, an yi an gama lafiya, saura kwana huɗu ta koma Kano. Sai ta ce ita fa tunda Allah ya dawo mata da gani, ba inda za ta sai ta ga teku. Maigidana aiki ya riƙe shi, don haka ya kama mana masauki na kwana ɗaya a Iskandariyya ta waya, ya sa mu a tasi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ramsis.

Ku da kuke bina a nan kun san halina, ni a hanya ban yarda da kowa ba. Mai tasi ya ce mitarsa ta lalace, na ce to mu ma ƙafarmu lafiya lau take, ya tsaya mu sauka. Nan take mita ta warke. A tasha wani ya miƙo hannu zai ɗaukar mana jaka, na riƙe abata gam. Umma tana ta ce mini in sassauta, ni kuwa ko a jikina.

Jirgin dai ba laifi, sai sanyin da suka ƙure kamar nama suka ɗauko. Muna fita gari sai gonaki kore shar, da jakuna, da gidajen jan bulo da rodi a tsaye a kansu. Umma ta manna fuska a taga tana tambaya ko mutanen nan ba sa ƙarasa gini ne. Wata mata a gefenmu ta miƙo mana burodi da wake, ful ɗin nan nasu. Na ce shukran, mun ƙoshi. Kafin in rufe baki Umma ta karɓa ta yi bismilla. Na bi ta da harara har ta cinye, ina jiran in ga ko za ta fara layi. A Kano aka raine ni, inda tun kina ƙarama ake ja miki kunne kada ki ci abin hannun wanda ba ki sani ba a mota.

Mun isa da hantsi. Da Umma ta ga tekun sai ta daɗe a tsaye, can ta ce ashe dam ɗin Tiga wasan yara ne. Muka ci gasasshen kifi da shinkafa mai ruwan ƙasa a bakin ruwa. Kifin ya yi daɗi, farashin kuwa sai da na sa aka maimaita mini, don na tabbata an ga baƙin fuska ne aka ƙara.

Masaukin namu a wani tsohon bene yake, hawa na bakwai, iskar gishiri ta cinye fentin. Lifta kamar kejin kaji. Mai gadin gidan, wanda a nan ake kira bawwab, wani dattijo ne mai jallabiya da rawani, ido ƙanana. Tun kallon farko raina bai kwanta da shi ba. Ya karɓi fasfo ɗinmu ya ɗauki hoto, wai haka doka take. Ya tambaya ko akwai namiji tare da mu. Ya dubi gwiwoyin Umma ya tambaya ko Hagga, wato Hajiya, tana iya hawa matakala. Na ce a raina, lallai, ana auna mu. Na ce masa mijina yana nan tafe, alhali ƙarya nake.

Bayan la'asar sai ga shi da tire, kofi biyu na zoɓo mai sanyi, karkade a bakinsu, wai matarsa ce ta aiko wa baƙi. Umma ta shanye nata tas. Ni kurɓa biyu na yi, shi ma don ƙishi ya matsa mini.

Ba a yi minti goma ba na ji jiri. Ina tsaye sai ƙasa ta zame mini. Na dubi Umma, ta dafe hannun kujera tana salati. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an zuba mana wani abu. Sai kuwa aka hau dukan ƙofa. Muryarsa ce, yana kiran ya madam, yana cewa mu fito, yalla, yalla. Wallahi abin da na daɗe ina jira ke nan. Na danna sakata, na murɗa makulli, na jawo tebur na tokare.

Umma ta ce, “Ke, ni da aka yi wa aikin ido ina ganin fitila tana lilo. Zoɓo ne ya shayar da ita ita ma?”

Na ɗaga kai. Fitilar rufi tana kai da kawowa, kofuna suna kaɗawa a tire, ana jin gudun mutane a matakala da kukan yara. Girgizar ƙasa ce. Ban taɓa jin ta ba tunda aka haife ni, mu da a labarai kawai muke gani. Ba ta kai minti ɗaya ba ta tsaya. Amma kun san me? Ban buɗe ba. Na ce ai ɓarawo irin wannan rana yake nema, gida ya watse, mata biyu su kaɗai a sama. Na kira maigidana, layi ya ƙi shiga. Shi kuwa dattijon bai fasa bugu ba. Da guntun Larabcina na gane yana cewa ginin tsoho ne, wata girgizar tana iya biyowa, kowa ya sauka sai mu. Na yi masa banza. Mun fi minti goma a haka, tsoro ya cika ni, na rasa wanne zan fi tsoro, shi ko rufin.

Umma ce ta miƙe da gwiwoyin nan nata, ta ture ni gefe, ta ce in janye teburin ko ta saɓa mini. Ta zare sakatar da hannunta.

Yana tsaye ba takalmi, rawanin ya warware, da kujerar roba a hannu. Ko kallona bai yi ba. Ya zaunar da Umma a kai, ya kama kujerar ta gaba, ta ƙasa inda nauyin yake, ya nuna mini in kama ta baya. Lifta ba a shiga a irin wannan hali. Haka muka sauko hawa bakwai, muna taka ɓarɓashin siminti da ya zubo, yana haki yana ce wa Umma tamam ya Hagga, saura kaɗan. A titi matarsa ta tare shi tana kuka tana yi masa faɗa, ta ɗauka wani abu ya same shi a sama. Kunya ta rufe ni.

Ginin bai faɗi ba. Daga baya muka ji a can ƙarƙashin teku abin ya faru, wajen tsibiran Girka, kuma matsakaiciya ce, mutanen garin ma sun saba jin irinta jefi-jefi. Maigidana ya ce har a Dokki labule ya motsa. Ni dai ban sake hawa benen ba, dattijon ne ya sauko mana da jakunkuna, muka bi jirgin yamma.

Mun dawo gida lafiya. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da daɗin faɗa: taka-tsantsan ɗin da nake taƙama da shi zai iya kashe mutum. Umma ba ta gaya wa surukinta ba. Sai da safe ina shafa mata magani a gwiwa ta ce, “Da ginin nan ya zo ƙasa, ni na ci zamanina, ke kuma ke kika kulle kanki. Shi fa, da ya tsaya a ƙofarki? Me za a ce wa matarsa?”

Ta koma Kano jiya. Na raka ta har ta shiga jirgi.